Ki Tafi Da Ampli Biyu, Balkisa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Balkisa, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah Ya tsare motar da za ta ɗauke ku daga tashar Adjamé ranar Asabar. Ya ba direbanku ido da haƙuri, Ya kai ki Bouaké da Korhogo da duk garin da ƙungiyarku za ta yi wasa cikin wata ukun nan, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Na san Faransanci ya fi miki sauƙin karatu. Da gangan na rubuta da Hausa, don ki karanta a hankali. Inda kalma ta gagare ki, ki kira mamanki a waya, za ta ji daɗin an tambaye ta.

Shekaranjiya da na sauko da ƙaramin ampli, akwatin nan mai ƙara sautin jita, daga saman kabad na ajiye kusa da jakarki, kin dube shi, kin dube ni, kika ce, "Papa, c'est trop, ya yi yawa. Ina da nawa sabo, kuma an ce duk inda za mu akwai kayan sauti." Ban ba ki amsa ba, domin amsar ba ta tsayuwar bakin ƙofa ba ce. Ga ta nan.

Kin san na zo garin nan daga Tasawa ina saurayi, na tarar da mahaifina, kakanki Alhaji Sani, yana cinikin goro a Adjamé, yana loda huhuna a manyan motoci zuwa arewa. Shi so yake in gaje shi. Ni kuwa duk ranar Lahadi sai in sulale in haye gada zuwa Treichville, wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Baule mai busa sakso, irin kakakin nan na Turawa, ana ce masa Tonton Yao. Shi ya fara ɗora mini jitar bas a cinya, ya ba ni wani tsohon ƙaramin ampli, ya sa ni cikin ƙungiyarsa ta makaɗan biki. Kakanki bai dake ni ba, bai kore ni ba. Abin da ya yi ya fi haka zafi: ya daina tambayata inda nake zuwa.

Kuskurena na farko shi ne alfahari da kaya. Bayan shekara uku na sayi ampli nawa na kaina a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Balkisa, da kin ga wannan abu! Tsayinsa ya kai ƙirjina, sai da amalanke ake kai shi wurin biki. In na taɓa tsirkiyar ƙasa, kwalaben lemon da ke kan tebur sai su kama rawa da kansu. Na ɗauki ƙaramin na mayar wa Tonton Yao. Ya ce, "Idrissa, riƙe shi, ka dinga zuwa da su biyun." Na yi dariya na ce, "Tonton, wanda ke da wannan me zai yi da wancan?" Sai ya tura shi ƙarƙashin gadonsa.

Ba a yi wata biyu ba muka je bikin 'yar wata babbar mai sayar da atamfa a Treichville. An tare titi, an kafa rumfuna, bayan la'asar mata sun yi layi da anko iri ɗaya suna jiran fitowar amarya. Muka ɗauko kiɗan shigowarta. Ta fito kenan tana taku a hankali, sai wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi kafin ki ƙifta ido. Na ji ƙauri kamar ana ƙona roba. Na waiwaya, ga hayaƙi yana fita ta bayan amplina siriri, kamar na turaren wuta.

Ganga tana nan, sakso yana nan, mawaƙi bai yi shiru ba. Amma matan suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya suna duban juna. Ba su san abin da ya ɓace ba, jikinsu ne kawai ya daina samun abin bi. Kin san wannan, mutane ba da kunne suke jin bas ba, da ƙugu da tafin ƙafa suke jin sa. Amarya ta ƙarasa kujerarta kamar mai zuwa asibiti. Na ajiye jita na fita da gudu, na bi shaguna da gidajen rawa ina roƙon aron ampli, na dawo hannu wofi gumi ya jiƙa mini riga. Uwar amarya ta tare ni ta ce, "Kai ne mai ƙaton akwatin nan? Da ka zo ɗazu kana ta ture mutane da shi, ashe tukunyar hayaƙi ka kawo mana."

Washegari Tonton Yao ya jawo ƙaramin daga ƙarƙashin gado, ya goge shi da tsumma, ya ajiye a gabana. Ya ce in huta wata ɗaya in yi tunani.

Don haka kada ki ce naki sabo ne. Nawa ma lafiyarsa lau har daƙiƙar da ya mutu. Ampli ba ya yi miki sallama, kuma wutar garuruwan da za ki ba ki san halinta ba.

Za ki ce daga nan na yi hankali. Ban yi ba, sai dai na sauya irin wautar. Kuskurena na biyu shi ne dogaro da maganar "akwai komai a wurin". Wata ƙungiyar mata ta unguwarmu, can bayan silimar Roxy, ta gayyace mu bikin cika shekara. Wanda ya zo kiranmu ya rantse cewa sun yi hayar kayan sauti cikakku, mu zo da hannunmu kawai. Na ji daɗi, don ranar ana ruwa, kuma kin san yadda yaran gbaka, ƙananan motocin hayar nan, suke kallon mutum in ya zo da kaya mai nauyi. Na rataya jita na tafi ina fito.

Abin da na tarar lasifika ce guda ɗaya, irin wadda ake sanarwa da ita a taro. Ta shugabar ƙungiyar ce, Maman Awa, da ita suke kiran sunayen mambobi. Ya kamata in koma gida in ɗauko nawa, tafiyar minti ashirin ce. Kunyar a ce na tsayar da taro ta hana ni. Na jona bas a jikinta, na ce zan bi a hankali. Waƙa ta biyu kiɗa ya yi daɗi, na manta da hankalin, na ja tsirkiya da ƙarfi. Lasifikar ta yi wata ƙara kamar an yaga zane, daga nan duk abin da ya fito ta cikinta sai ka ce ƙudan zuma a gwangwani. Ba bas kaɗai ya tafi ba, har jawabin shugaba da addu'ar rufe taro sai da baki aka yi su.

Maman Awa ba ta zage ni ba. Ta ɗauko lasifikar ta ɗora mini a ka a gaban mutane, ta ce, "Ɗana, kai ka kashe, kai za ka tayar." Na yi sati biyu ina zuwa rumfar wani mai gyaran rediyo ina kallon hannunsa, har na gyara ta da kaina na mayar. Daga wannan lasifikar sana'ar gyaran da na ciyar da ku da ita ta samo asali, Allah Ya saka wa baiwar Allah da alheri. Amma ke ba sai kin fasa kayan wani ba kafin ki koya. In an ce miki akwai kaya, ki tambaya wane iri ne, ki ce a ɗauko hotonsa a turo miki a waya. Ko an turo, ki tafi da naki. Kuma kada ki taɓa sa bas a lasifikar da ba don shi aka yi ta ba, ko da mai ita ne ya roƙe ki.

Na uku gajere ne, amma har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa. Na gyara babban, na fara zuwa da ampli biyu, ina ta yaba wa kaina. Sai dai ƙaramin ban taɓa kunna shi ba, ɗauka kawai nake in kai in dawo da shi. Ranar da babban ya sake yin gardama a wani bikin suna, na jawo ƙaramin ina murmushi, na jona, shiru. Na buɗe bayansa, babu fis. Ni da kaina na cire shi wata huɗu kafin nan na sa wa rediyon mamanki, na ce gobe zan mayar. Ki kunna na ajiyar duk sati, ki yi kiɗa da shi ko na minti goma ne, musamman da damina, don danshi yana cin waɗannan kaya a ɓoye. Na manna miki fis uku da salatif a cikin murfin baya. Kada ki ba kowa su, ko ni ne na tambaya.

To, yanzu ga ranar da nake so ki sani, wadda ban taɓa ba ki labarinta gaba ɗaya ba.

Manyan 'yan kasuwar goro sun shirya gagarumin taro a wani fili a Treichville, kusa da bakin ruwa, ranar Lahadi da rana. Suka gayyaci ƙungiyoyin kiɗa uku, mu ne na biyu a jeri. Na san kakanki zai zo, don yana cikin dattawan da aka tanadar wa kujerun gaba. Shekara tara ina kiɗa, bai taɓa ganina riƙe da jita ba. Daren da ya gabata ban ci abincin kirki ba.

A lokacin sunana a bakin makaɗa Idrissa Deux-Amplis, wato mai ampli biyu. Wanda ya laƙa mini shi wani mai bas ne da ake kira Serge, na ƙungiya ta uku. Gwani ne, ba zan ɓoye ba, ya fi ni hannu, kuma yana da ampli ɗan waje mai fitilu shuɗaye. Da ya ga na sauko daga tasi da babba a kafaɗa da ƙarami a hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Ku ba ɗan dako hanya! Idrissa, kiɗa ka zo yi ko ƙaura kake?" Kowa ya yi dariya, har da na ƙungiyarmu. Na ajiye babban a kan dandamali kusa da nasa, na tura ƙaramin ƙarƙashin wani benci, ban jona shi da komai ba.

Ƙungiya ta farko tana tsakiyar wasa wuta ta tafi. Masu taro sun yi tanadin janareto, suka ruga suka tayar. Amma mai kula da shi bai jira injin ya daidaita ba, ya maida layin dandamali gaba ɗaya a kansa. Muka ji fat, fat, fat. Duk amplin bas da ke jone ya tafi: na ƙungiya ta farko, nawa babba, da na Serge mai fitilu. Allah Ya taimaka na'urar makirufo tana kan wani layi dabam, ta tsira.

Fili ya cika maƙil, rana tana dukan mutane, dattawa sun fara duba agogo. Mai gabatarwa ya rasa abin faɗa, sai maimaita gaisuwa yake. Tonton Yao ya juyo ya dube ni, ya ɗaga gira. Na durƙusa na jawo ƙaramin daga ƙarƙashin benci. Na jira har na ji ƙarar janareto ta zauna daidai, sannan na jona. Fitilarsa ja ta kama. Na ɗora shi a kan kujera, na ce a ba ni makirufo ɗaya, na kafa shi dab da bakinsa.

Balkisa, da na ja tsirkiyar farko, sautin ya fita ta manyan lasifikokin fili, ya bi ta ƙarƙashin kujeru, na ga kawunan mutane sun ɗago a tare. Mai ganga ya shigo, Tonton Yao ya ɗaga sakso sama, fili ya ɗauka. Matan ƙabilar Jula suka fara fitowa, sai namu, sai masu sayar da ruwa suka ajiye tire suka shiga. Ban taɓa yin kiɗa kamar na ranar ba, kuma ban sake ba. Wannan ɗan akwatin da ake ɗauka da hannu ɗaya shi ya riƙe dubban ƙafafu sama da awa guda. Da muka tsaya, mutane suka ƙi zama, sai da muka ƙara biyu.

A cikin wannan daɗin na yi kuskure na huɗu, kuma shi ya fi damuna. Lokacin su Serge ya yi, ba su da ampli. Na gan shi tsaye a gefe, jita a rataye, yana kallon ƙasa. Na san abin da yake bukata. Na tsaya ina naɗe waya a hankali, ina shan ruwa, ina gaisawa da mutane, ina jira ya zo ya roƙa a gaban waɗanda suka yi mini dariya. Na bar bawan Allah a tsaye kusan minti goma. Sai da ya tako ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Mon frère, ɗan'uwana, ka taimake ni," sannan na miƙa masa. Daɗin da na zaci zan ji ban ji shi ba. Serge ya yi kiɗa mai kyau, ya dawo mini da ampli da hannu biyu, daga baya ma shi ya kai sunana inda aka ɗauke ni aikin naɗar faifai na farko. Har ya rasu bai taɓa tuna mini da minti goman nan ba, ni ne ban manta ba. In kayan wani ya mutu kina da na ajiya, ki kai masa tun kafin ya buɗe baki, ko da shi ne ya fi kowa yi miki dariya.

Ana watsewa aka ce Alhaji yana kirana. Na je na durƙusa a gaban kujerarsa. Bai ce kiɗa ya yi daɗi ba, kakanki ba zai taɓa faɗin haka ba. Ya nuna ƙaramin ampli da sandarsa ya ce, "Wancan, kullum kake zuwa da shi?"

Na ce, "Kullum, Baba."

"Ko ba a bukatarsa?"

"Ko ba a bukatarsa."

Ya juya ga dattijon da ke kusa da shi ya ce, "Ka ji. Ni ma ban taɓa sakin mota zuwa arewa da tayar ajiya ɗaya ba, sai biyu, direbobi suna ta gunaguni." Sannan ya ce, "Ashe yaron nan ɗan kasuwa ne." Ya ciro goro fari daga aljihu, ya ɓare, ya miƙo mini rabi. Tun daga ranar, duk Lahadi in zan fita sai ya tambaye ni, "Yau ina ne?"

Saura ƙananan abubuwa. A mota, babban ya shiga wurin kaya, amma ƙaramin ki sa shi a ƙarƙashin ƙafarki, ko yaran tasha sun yi miki surutu. In duka biyun suna wuri ɗaya, ruwan da ya jiƙa ɗaya zai jiƙa ɗayan. A dandamali kada ki jona su tare, na ajiya ya zauna a cire har sai an neme shi. In an tayar da janareto, ki zare wayarki ki ƙirga sittin kafin ki mayar. Ki riƙe wayar jita biyu. Ki riƙa isa wuri kafin kowa, ki gaida mai kula da sauti da sunansa, ki ba shi girmansa, don rabin kiɗanki a hannunsa yake. Kada sallah ta wuce ki saboda gwajin sauti, ki yi ta tukuna, dandamali ba ya gudu. Kuma duk garin da kuka sauka ki nemi zangon mutanenmu ki gaida dattawa, ki faɗa musu ke jikar wane ce.

Akwai kuskure ɗaya da ya rage, wanda ke na yi wa. Lokacin da kike 'yar shekara goma sha huɗu na dawo na same ki da jitata a ɗaki, na karɓe na kulle a shago shekara biyu. Na ce miki don karatunki ne. Ƙarya na yi. Tsoron bakin mutane ne, kada a ce a masallacin unguwa 'yar Idrissa ta zama makaɗiya. Ni da na san zafin shirun uba, na juya na yi miki irinsa. Kika je kika koya a wurin wasu, kina ɓoye mini kamar yadda na ɓoye wa nawa uban. Ki yafe mini, Uwata.

Lahadin da ta wuce, da kuka yi wasan bankwana a Treichville, na ce miki ina da aiki a shago. Na rufe shagon na bi ki. Na tsaya a tsallaken titi wurin wata mai sayar da aloko, wato soyayyar ayaba, inda ba za ki hango ni ba. Na ga yadda kika tsaya, ƙafa a kafe, ba ki kallon yatsunki, idonki yana kan mai ganga. A waƙa ta huɗu mawaƙiyarku ta ɓata, ta shigo kafin lokaci. Ke kuwa kika ja kiɗan kika tare ta, kika maido da kowa kan hanya, babu wanda ya gane a cikin masu rawa. Ni na gane. Shekara goma na yi kafin in iya wannan.

Mai aloko ta ga ina share ido ta ce, "Papa, hayaƙin mai ne? Matsa can." Na ce mata, "A'a. Kin ga mai bas ɗin can? 'Yata ce." Ta ce in rantse. Na rantse. Ta ajiye matsami ta kama kiran maƙwabtanta tana nuna ni, ni kuma na tsaya ƙiƙam ina amsa gaisuwa kamar wanda aka naɗa sarauta. Ranar Juma'a kuma na faɗa da bakina a ƙofar masallaci, kowa yana ji, cewa 'yata za ta zagaya ƙasa da kiɗa.

Ki tafi da yardata da ta mahaifiyarki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare hannuwanki da kunnuwanki da mutuncinki. Ya haɗa ki da abokan tafiya na gari, Ya sa duk filin da kika tsaya a tashi ana sa miki albarka. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Idrissa
Adjamé